Fatoman Da Bai Taɓa Tafiya Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, ranar wata Laraba da hantsi, a asibiti a Katsina, bayan jinyar da ba ta yi tsawon da za mu saba da ita ba.

Da yawa daga masu zuwa gaisuwa sai da suka yi ɓatan kai, domin ba su san gidansa ba. Shekara da shekaru suna hulɗa da shi, amma a shago suka san shi, ɗan shagon nan mai shuɗiyar ƙofa da ke bakin tashar manyan motoci ta Jibiya, kafin a kai shingen boda. Can suka riƙa nufa, su tarar da kwaɗo a ƙofa, su yi cirko-cirko har mai shayi ya kwatanta musu hanya. Wani direba mutumin Maraɗi ya riƙe hannun Yaya, babban ɗan Kawu, ya ce, "Allah shi jiƙan shi da rahama. Ni wallahi ban taɓa ganin ƙafafunshi ba. Daga ƙirji zuwa hula na san shi, bayan tebur."

A cikin gida wata tsohuwa daga Riko, wadda ɗanta ke tuƙin tirela, ta gama addu'arta ta shafa, sannan ta tambayi ta kusa da ita da muryar da take zaton raɗa ce, "Shi ne mai sallamar motocin ko? To yanzu wa zai sallame su?" Aka zungure ta. Inna, matar Kawu, ba ta yi kuka mai sauti ba. Magana ɗaya na ji ta yi a ranar, tana kallon inuwar katanga: "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin azahar ta same shi a ciki ba, sai yau da aka kawo shi kwance."

Ranar sadakar uku shugaban ƙungiyar direbobi, wanda kowa ke kira Ciyaman, ya aika a kira ni zaure. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ɗiyata, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

Ya ɗan juya carbinsa. "Kunya nake ji, amma dole in faɗa. Motoci na tsaye. Albasa ba ta san zaman makoki ba. An ce ke kaɗai kika san kan na'urar nan."

Ya san, kamar yadda duk gidanmu suka sani, cewa an ba ni gurbin ƙarin karatu a Zariya, kan waƙar Hausa, kuma ba da daɗewa ba za a rufe rajista. Ya ce kwana kaɗan ne, kafin su samo wani. Na karɓi makullin daga hannun Inna. A teburin Kawu nake wannan rubutu, don kada abin da za a tuna da shi ya zama hula da tebur kawai.

Ga wanda bai san aikinsa ba, ga yadda yake. Motocin ƙungiyar suna ɗaukar albasa da wake da tattasai daga nan bakin iyaka zuwa kudu. Can akwai wani kamfani mai rumbunan sauke kaya, wanda ba ya buɗe wa mota ƙofa sai da lambar da shi ya bayar tun kafin ta taso. Kawu ne ke aika bayanin kowace mota zuwa ga babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake ce wa saba, ita kuma ta maido da lamba. In saƙo bai je ba, babu lamba. In babu lamba, direba ba ya ko tayar da inji.

Manhajar da yake aikin da ita, shi ya rubuta ta da hannunsa, tun gemunsa yana baƙi, bayan ya gama kwalejin fasaha. Baƙin allo ne da koren rubutu, ba hoto ba ado. Amma ta san mutanenta. Ta san lambar motar Nijar da ta Najeriya. Ta san direba da sunansa na yanka da kuma wanda ake kiransa da shi a tasha. In sabis ya ɗauke, takan riƙe saƙo ta yi haƙuri har ya dawo. Kamfanin yana da nasa shafin na zamani, amma a irin sabis ɗinmu, kafin ya buɗe mai shayi ya soya ƙwai ya wanke kasko. Kawu yana kiran manhajarsa Tsohuwa, kuma ba ya son a raina ta a gabansa.

Mahaifiyata ƙanwarsa ce, tana aure a Bugaje. Shi ya ɗauko ni riƙo saboda makaranta. Shagon ya zama wurin karatuna don ya fi gida shiru, kuma akwai fanka. Nakan zauna a kan buhun da babu mai shi, ina karanta waƙoƙi, ina kallon yadda zafin rana ke sa kwalta rawa kamar ruwa, motoci a jere kamar shanun da suka gaji. Da idonsa ya fara rauni sai ya riƙa cewa, "Ajiye mawaƙan nan naki, karanta mini abin da Tsohuwa ta ce." Haka na koya, ba da niyya ba, kamar yadda ake koyon waƙar da maƙwabta ke yawan sawa.

Ina aji na ƙarshe a kwaleji ranar da saba ta daina amsa wa Tsohuwa. Kawu ya aika, aka ƙi. Ya sake, aka ƙi. Na karanta masa sanarwar da kamfanin ya turo da Turanci: daga yanzu ba su karɓar saƙo sai ta kullalliyar hanya. Direbobi suka cika ƙofa, Ciyaman a gaba.

"Malam, mi ya faru? Ta mutu?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Lafiyarta lau." Ya cire tabarau ya goge. "Tsohuwa a fili take magana, kamar mai kiran ɗanta daga bayan katanga. Duk wanda ke kan hanya zai ji, in ya ga dama ma shi canza maganar. Su kuma yanzu sun ce ba su sauraron kowa sai wanda ya kulle maganarshi, ya nuna shaidar ko shi wane ne, su ma su nuna mishi tasu."

"To a koya mata mana."

"Kai shekara nawa kana shiga Nijar? Ban da bonjur mi ka iya a Faransanci?"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba, domin rana tana dukan buhuna.

Tsohuwa ba za ta iya koyon sabon harshe ba, kwamfutar da take ciki ma ba za ta ɗauka ba. Kowa ya ce a jefar da ita. Kawu ya shafe kwanaki yana bugun waya ga wani abokin karatunsa, ni ina karanta masa bayanai daga wayata, yana cewa in maimaita, in bar gudu. Daga ƙarshe ya sa aka sayo masa wata 'yar na'ura daga Kano, ba ta fi sabulun wanka ba. Ya haɗa ta da tsohuwar kwamfutar da guntuwar waya. Tsohuwa za ta ci gaba da maganarta a fili, amma ba za ta wuce tsawon wayar nan ba. 'Yar na'urar ce za ta karɓa, ta kulle, ta nuna wa saba shaidar Kawu, ta duba tasu, sannan ta miƙa. In amsa ta zo, ta kwance ta ba Tsohuwa cikin harshen da ta sani.

Da lambar farko ta fito, bai yi murna a fili ba. Ya ɗora yatsa a kan 'yar na'urar ya ce, "Sunanka Fatoma."

Kakansa fatoma ne a garin nan, zamanin fataken kanwa da goro. Baƙo ya sauka a gidansa, bai san harshen kasuwa ba, ba a kuma san shi ba. Fatoma ne zai shiga gaba, ya yi magana da yawunsa, ya tsaya masa, ya kuma tabbatar wanda za a miƙa wa kaya ba macuci ba ne. Kawu yakan ce abokin karatunsa ya ba shi bayani na kwana da kwanaki, bai gane ba sai da ya tuna zauren kakansa.

Sai dai Fatoma yana da lalura. Ba shi da batirin agogo, don haka duk sanda aka kashe shi ko wuta ta yanke, sai ya farka bai san ranar da ake ciki ba. Shaida kuwa tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wanda bai san yau ba, ba zai iya cewa shaida tana aiki ko ta mutu ba, sai ya ƙi kowa. Ga shi kuma mu a bakin iyaka muke, na'urar sabis ɗinmu takan saki turken Najeriya ta kama na ƙetare, komai ya tsaya. Saboda haka kowace safiya sai Kawu ya kunna su bi da bi, ya ja sabis ya dawo gida, sannan ya rubuta wa Fatoma kwanan wata. Da baki yake haɗawa: "Fatoma, an tashi lafiya? Yau Talata ce." Rana ɗaya ana iya yin haka sau da yawa. Abin da ya ɗaure shi ke nan.

Akwai kuma kibod ɗinsa. A Maraɗi aka sayo shi, jerin haruffansa irin na Faransanci ne, kuma yatsunsa sun goge rubutun da ke kan maɓallan tas. Duk wanda ya koyi bugu a makarantun Najeriya, in ya zauna ya buga albasa, sai allo ya nuna masa qlbqsq. Kawu yakan kwashe da dariya har da hawaye. "Wanga wane irin kaya ne? Duwan, kwastan na boda, ma ba su san kuɗin fitonshi ba." An kawo masa mutane su koyi aikin, ba ɗaya ba ba biyu ba. Dariyar nan da faɗan da ke biyo bayanta suka kore su. Ba zan ɓoye ba, Kawu ba shi da haƙurin koyarwa, kuma ina jin a can ƙasan ransa yana jin daɗin a ce sai shi.

Ba ya cin goro a shago, wai gari yana shiga maɓallai. Ba ya amsa sallama in yana tsakiyar buga lambar mota, sai ya kai ƙarshe, sannan ya amsa da cikakkiyar amsa har da tambayar iyali. In direba ya matsa masa yakan ce, "Gaggawa a kan kwalta ake yinta, nan ɗakin jira ne." Yana yafa wa tsohuwar kwamfutar mayafi in zai tashi, wani tsohon ɗankwalin Inna mai furanni.

Rigimarsa da Yaya a jajibirin wata Babbar Sallah ta faru. Yaya sana'ar waya yake, ya san na'ura daidai gwargwado, kuma a lokacin yakan leƙo ya taimaka. Ran nan Fatoma ya ƙi miƙa saƙo. Ranarsa daidai, sabis lafiya. Abin da ya ce shi ne shaidar da saba ta nuna ba wadda ya sani ba ce. Aka buga wa kamfanin waya, ofis ya tashi hutun Sallah. Motocin albasa cike, direbobi suna son su sauke su juyo.

Yaya ya duba ya ce, "Baba, layi ɗaya ne. A ce masa ya daina duba shaidarsu, ya miƙa kawai. Kulle ɗin yana nan, ba abin da ya canza. Sabuntawa suka yi, kowa ya san suna yi."

"Kai ka gani da idonka?"

"Wa zai zauna yana satar lissafin albasa?"

"Wanda ke son sanin wace mota ce ta taso, mi ta ɗauko, wace hanya za ta bi. Ka manta hanyar da suke bi?"

"Baba, kayan mutane za su ruɓe."

"Fatoman da ya miƙa baƙonshi ga wanda bai sani ba, ya sayar da shi, ko bai karɓi kwabo ba. Ka kulle magana ka ba ɓarawo makulli, mi ka kulle?"

"Kakanka ya mutu, Baba. Wannan roba ce da waya."

Ban taɓa ganin fuskar Kawu kamar ranar ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Fita."

Aka yi Sallah motoci na tsaye. Warin albasar da ta fara lalacewa ya riƙa shigowa har cikin shago, direbobi suka daina gaishe shi, wani ma ya tofar da yawu a bakin ƙofa. Da aka koma aiki kamfanin ya tabbatar: sabuntawa suka yi, sun manta ba su sanar ba. Ba ɓarawo, ba kowa. Yaya ya yi gaskiya. Kawu ya sa wa Fatoma sabuwar shaidar, ya sallami motoci, bai ba kowa haƙuri ba. Da Inna ta yi masa magana ya ce, "Wanda ya tsallaka rijiya ido rufe bai faɗa ba, sa'a ya yi, ba hanya ya gano ba." Daga ranar Yaya bai ƙara taka cikin shagon ba. Suna gaisawa a gida, suna cin tuwo kwano ɗaya, amma in aike ya kawo shi tasha, daga bakin ƙofa yake tsayawa. Har yau ban san wanda zan ba gaskiya ba. Na ga hawayen wani mai albasa daga Mazanya a ranar, na kuma san irin hanyar da Kawu yake tsoro.

Kawu yana da 'yar'uwa, babbarsa, a Maraɗi, muna kiranta Iya. Ita ta goye shi. Tafiyar ba ta da nisa, mutum zai iya karyawa a nan ya yi azahar a can. Kullum tana aiko direbobi da saƙo, wani lokaci da kilishi ko cuku: a gaya wa ɗan'uwana ƙafata ta ƙi, shi ya zo. Kullum amsarsa ɗaya: in aiki ya yi sauƙi. Ranar Juma'a yakan ce Asabar, ranar Asabar wuta ta yanke, Fatoma ya manta ranarsa.

Sai aka rufe boda. Aiki ya tsaya cak. Karon farko a sanina Kawu ba shi da abin yi, ya rufa wa kwamfuta ɗankwalinta da rana tsaka. Ga lokaci ya samu, ga hanya a rufe. Masu babura suna bi ta daji, amma shekarunsa da idonsa ba za su ɗauka ba, kuma shi mutum ne da ba ya bin ɓarauniyar hanya ko da ta fi kusa. Yakan je har shingen ya tsaya, hannu a baya, yana kallon kwaltar da ta miƙe arewa babu kowa a kanta sai awaki.

A lokacin ne na ga jikan fatoma. Direbobin ƙetare da rufewar ta ritsa da su a nan, kuɗinsu ya ƙare, suna kwana ƙarƙashin motoci. Kawu ya buɗe zaurenmu. Cikinsu har da wanda ya tofar da yawu a ƙofarsa. Inna ta ƙara tukunya, ni ina tuƙa tuwo har kafaɗata ta yi tsami. In sun yi godiya yakan ce, "Ku bar godiya, ku dai wanke ƙafa kafin ku hau tabarmar." Da yamma yana zama cikinsu yana tambayarsu Maraɗi: itacen nan na ƙofar gidan Iya yana nan? An gyara hanyar kasuwa? Suna ba shi labarin garin da ke nan kurkusa kamar labarin Makka.

Iya ta rasu boda tana rufe. Ta waya aka gaya masa. Ya yi mata salla daga nan, shi da baƙinsa a zaure. Da aka buɗe hanya, motoci suka taso kamar an fasa dam, ya koma kujerarsa. Bai je ko ganin kabarinta ba.

Bayan wannan ne ya canza mini. Wata safiya ya makara a masallaci, na buɗe shago, na kunna komai, na gaya wa Fatoma ranarsa, na sallami motoci kafin ya iso. Ina jiran yabo. Ya tsaya yana kallon yatsuna a kan maɓallan nan marasa rubutu, ya daɗe.

"Wa ya sa ki?"

"Kawu, na ga suna jira ne."

"Kullum suna jira. Tashi."

"Na yi kuskure ne?"

"Ba ki yi ba. Shi ya sa na ce ki tashi."

Na yi kwanaki ina fushi da shi, ina gaishe shi a taƙaice. Shi ya matsa mini in nemi gurbin Zariya. Ranar da aka ba ni, ya zagaya tasha yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba: "Ɗiyata za ta tahi karatun waƙa." Ciyaman ya ce, "Waƙa kuma ana karatunta? Ai sai ta zo tasha mu koya mata kyauta." Kawu ya ce, "Irin taku ba ta shiga littafi, sai dai kotu."

Amma idonsa ya ci gaba da dushewa, kuma ba wanda zai karanta masa allo. Da kansa ya sake kirana, yana kallon gefe. "Ki zo ki karanta kawai. Kada ki zauna." A tsaye na riƙa yi masa aiki, a bayan kafaɗarsa, har ciwon ya kwantar da shi.

A asibiti, ranar da na ga ya ɗan samu sauƙi, ya tambaye ni ko an sallami motoci. Na ce an sallama. Ya rufe ido, na zaci barci ne.

"Kin san abin da ban lura da shi ba a zauren kakana?" ya ce. "Kowa yana zuwa yana wucewa. Agadas, Gwanja, Kano. Shi bai taɓa zuwa ko'ina ba. Fatoma ba ya tahiya." Ya nemi hannuna. "Na yi wa Tsohuwa dabara don kada a jefar da ita, ban yi wa kaina ba. In na tahi, ki bar su su yi kuka. Za su samo hanya. Kada ki zauna kujerar nan."

Na ce to. Ban san me ake cewa ba ban da to.

Ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, ko ya san Kawu ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a. Allah Ya gafarta masa zafin zuciyarsa, Ya saka masa da tuwon da ya ciyar, Ya yalwata masa makwanci fiye da ɗakin da ya ƙare rayuwarsa a ciki, Ya haɗa shi da Iya inda babu shinge.

Jiya aka yi sadakar arba'in. Wanda Ciyaman ya ce za a samo bai zo ba. Kowane mako yana hanya. Na gwada koya wa sakataren ƙungiya, mutumin kirki, amma da ya ga baƙin allo sai gumi ya karyo masa, ya ce shi ko wayarsa 'ya'yansa ke saita masa. Rajistar Zariya a wannan makon za a rufe ta. Jakata a ɗaure take.

Yau da safe wani ma'aikacin kamfanin ya bugo waya. Ya yi mini gaisuwa da ladabi, sannan ya ce shaidar da Fatoma ke nunawa da sunan marigayi aka yi ta, dole su soke ta. Za su ba da sabuwa, ta shekara guda, da sunan wanda zai tsaya a kan aikin, wanda za a kira in wani abu ya faru. Ya ce in ba su suna yanzu, in ba haka ba daga gobe saba ba za ta amsa mana ba.

Ciyaman yana zaune a benci, ya ji komai. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Yaya ma yana nan, ya kawo saƙon Inna, yana tsaye a inda ya saba tsayawa. Na rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ba su sunana," in ji Yaya. "Ki tafi karatunki. Zan sayo kibod na mutane, zan iya."

"Yaya, in aka wayi gari Fatoma ya ce bai san shaidarsu ba, kuma ba a same su a waya ba?"

Bai yi mini ƙarya ba, ba halinsa ba ne. "Zan buɗe. Ba zan zauna ina shaƙar kayan mutane suna ruɓewa ba. Ke ma kin san sau ɗari za a yi haka ba abin da zai faru."

"Na sani."

"To?"

Na duba waje. Direban da ke kan gaba a layi yana zaune a inuwar motarsa, ya cire takalmi, yana ɓare gyaɗa yana jefa wa bakinsa. Na san sunansa na yanka da na tasha. Na san abin da ya ɗauko da hanyar da zai bi da shi.

"Hajiya, kina ji na?" in ji mutumin a waya. "Sunan wa za mu sa?"

Duk kwanakin nan a tsaye nake aikin, ƙafafuna sun gaji. Na jawo kujerar na zauna, na faɗa masa sunana. Ya ce layin yana yankewa, in maimaita a hankali.

Na maimaita.